Mai Goge Gumi

Sunana Lenwood, ɗan Odessa mai wanki.
Babana daga Alabama ya hawo jirgin ƙasa
zuwa wannan birni na bakin tafki,
inda hayaƙin masana'antar ƙarfe ke rina ƙanƙara.
Shekara arba'in da ɗaya ina zaune ƙarƙashin kwando
da tsumma a bakin sanda.
In ƙato ya faɗi ya tashi, ya bar siffarsa a katako,
daƙiƙa biyar gare ni in shafe ta.

Babana a rediyo ya san wasan ƙarshe.
Yakan manna kunne a jikin akwatin,
mu yi tsit, ko cokali ba ya taɓa kwano.
Shi ya ba ni labarin zamanin da baƙar fata
zai jefa ƙwallo, dubbai su miƙe da tafi,
dare ya yi, otal ya ce babu ɗaki.

Ni kuwa na ga sauran da idona.
Na ga gajeren wando ya yi tsawo har gwiwa,
ya sake komawa sama.
Ina tsaye mai fenti ya ja layin maki uku,
muka yi dariya, muka ce wa zai jefa daga Sin?
Yau jikata ma daga can take jefawa.

Wasa bakwai ne, wanda ya ci huɗu ya ɗaga kofi.
Faɗinsa da sauƙi.
Amma watan Yuni a garinmu ba a barci,
mai aski ya yanki kunne, direba ya wuce tasha,
limamin coci ya gajarta huɗuba.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa matata ba.
Wasa na bakwai, saura daƙiƙa tara,
maki ɗaya suka fi mu.
An yi karo a gefen hagu, na shiga na goge,
sai usur ya yi kuka kafin in gama.
Na ga ɗigon. Bai fi kwabo ba.
Na fita.
Thaddeus, yaro ɗan ashirin da biyu,
ya zo da gudu kamar an kunna masa wuta,
ƙafarsa ta sami wurin.
Ƙwallo ta gangara waje a hankali,
mutum dubu goma sha takwas suka haɗiye numfashi.

Jaridu suka ce yaron ne ya tsorata.
Ba wanda ya tambayi tsumma.

Tutocin nasara na rataye a rufin wasu garuruwa,
namu rufin sai ƙarfe da tattabaru.
Koci tara na gani sun zo da jaka sun tafi da jaka.
An canja katakon sau huɗu,
amma ko a rufe mini ido zan nuna maka wurin.

Bara, daren da na ajiye aiki,
wani mai furfura ya sauko daga benci yana ɗingishi.
Ya ce, Baba Lenwood, ka gane ni?
Na ce, Thaddeus, akwai maganar da na riƙe maka.
Ya saurara har na kai aya,
ya yi shiru, ya dubi gefen hagu.
Ya ce, ni ma na ga ɗigon,
na zaci zan tsallake.

Muka zauna, tsofaffi biyu,
ana kashe fitilu layi-layi.
Wani sabon yaro ya fito da tsummana,
yana riƙe da sandar a karkace.
Na tashi in gyara masa hannu.