Kwance, Sannan Tsaye

Ni Jabbi baduku,
shekara talatin ina huda fata a Tsohuwar Kasuwa,
ban san ina ɗauke da zuciya ba
sai ran da ta yi tuntuɓe.

Bugu, bugu, sai shiru,
kamar makaɗin da aka kira sunansa ya waiwaya,
sannan ta zabura da gudu
tana biyan bashin bugun da ta ci.

Kunnen hagu kuwa gyare ya tare a ciki,
ba haya, ba barci.
Na ce, Kulu, kina jin kukan nan?
Ta ce, ni dai injin niƙan maƙwabta nike ji.

In na miƙe daga kan buzu
sai rana ta mutu da tsakar azahar,
rumfa ta karkace,
basilla ta suɓuce mini.
Ɗan'ige mai shayi ya ce iska ce.
Kulu ta ce goro.
Wani ya rantse jini ne ya hau,
alhali ni ji nake kamar sauka yake yi.

A asibitin koyarwa
likitar ba ta girmi Luba 'yata ba.
Ta ce, Baba, kwanta.
Ta ɗaure min damtse, ta rubuta.
Tashi. Ta sake ɗaurewa, ta jira, ta sake.
Lambar kwance daban, ta tsaye daban,
sai ka ce mutum biyu suka zo da kati ɗaya.

Goro nawa a wuni? Na rage biyu na faɗa.
Ruwa fa, a wannan zafi na Sakkwato?
Wane magani kake sha?
Na kwance ƙullin ƙwayoyin kemis,
farare, ba suna, ba uba.
Ta daɗe tana kallonsu.

Suka manna min wayoyi a ƙirji.
Takarda ta fito da zane,
tudu, kwari, tudu,
na duba da idon mai ɗinki ina neman inda zare ya tsallake.
Babu.
Munafuka, ta ga baƙi ta natsu.

Don haka aka rataya min 'yar na'ura kamar laya,
ta kwana da ni, tana sauraren gulmar ƙirjina.
Aka ɗebi jini kwalba uku:
ko ya yi ƙaranci,
ko gishirinsa ya kauce,
ko wani abu a maƙogwaro ke zuga wutar.
Aka haska kunne, ba a ga gyaren ba.

Ta ce, ban sani ba tukuna, Baba.
Wannan kalma ta fi kwantar min da rai
bisa duk rantsuwar kasuwa.

Sakamako sai Alhamis.
Kafin nan, ga buta cike kusa da ƙafata,
goron na aljihun Kulu.
In ladan ya kira la'asar
sai in zauna tukuna, in ƙirga goma,
in dafa ginshiƙin rumfa,
in miƙe a hankali
kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a ka.

Sahu na biyu nake samu yanzu.