Rabon Rezo Ranar Alhamis

Ni Laminu ɗan Zali, makiyayin rezo,
a ɗaki mai sanyi nake kiwo, gaban allo,
inda Damagaram duka ta koma ɗigo-ɗigo:
kore in ana lafiya, ja in an shaƙe.

Ranar Alhamis tun kafin hantsi
Kasuwar Dole kan yi ja.
Mutanen Mirya sun iso, na Tanut sun sauke kaya,
kowa da waya manne a kunne.
Dillali na cigiyar mai raƙumi,
mai tattasai na tambayar yadda Magarya ta kwana,
antan ɗaya ce bisa kansu,
rijiya ɗaya, guga dubu.

Mu ƴan garin nan ba a koya mana rabon ruwa.
Uwata ta sha kwana bakin famfo da jarka bakwai,
ita ke faɗin wanda zai fara ɗiba:
gidan haihuwa, sai gidan rasuwa,
mai wanki ya yi haƙuri.
Abin da na kwashe shekara uku ina karantawa a Yamai
ashe shi take yi, ba alli ba takarda.

Sai na waiga Birni.
Da rana Birni gyangyaɗi take,
antan ɗinta can kusa da duwatsu
fili gare ta kamar zauren da baƙi suka watse.
Na ɗan karkato da kanta, na ce:
ɗauke wa Dole mutum ɗari biyu,
na bakin hanya, waɗanda muryarki ke kaiwa.
Ja ya sassauta.
Bai koma kore ba, ya dai sassauta.

Sha biyu saura, wani kira ya faɗi sau uku
daga wajen Kara-Kara.
Allo ba ya faɗin suna, ba ya faɗin damuwa,
lokaci kawai yake nunawa da inda aka yanke.
Amma wanda ya sake bugawa sau uku a minti ɗaya
ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.
A hanyar nan kuwa wasu na sauke kokawar bara,
hoto mai ƙiba ya cika lungu.
Na ba murya gaba, na ce hoto ya tsaya.
Na san can wani saurayi ya ja tsaki,
gwaninsa ya sandare da ƙafa ɗaya a sama,
ya zagi kamfani, ya zagi wanda ke ciki,
wato ni.
Kira na huɗu ya shiga.
Minti shida ya yi, ba tsinkewa.
Me aka ce, ban sani ba. Ba nawa ba ne.

La'asar wuta ta ɗauke.
Injin Garin Malam ya fara tari,
Manzo ya ɗaura jarkar gazuwal a moto
yana ƙunƙuni kan wanda ya sha na makon jiya.
Ni kuma na sake rubuta wa manya, karo na bakwai:
Dole na son antan ta biyu,
rance daga maƙwabta ba ya zama gado.
Amsar da na san za ta zo:
ana dubawa.

Bayan isha na shiga gida.
Tsohuwa na zaune kan tabarma, wayarta cikin ƙwarya
tare da carbi da goron safe.
Ta ce: ɗazu da azahar na neme ka,
sai ƙara take kamar kyankyaso a tukunya.
Na tuna ɗari biyun da na ɗora wa Birni.
Na buɗe baki zan fara bayani,
ta ɗaga hannu:

ba wannan na tambaye ka ba.
Wa ka ba ruwana?
In mai haihuwa ce, zauna ka ci tuwo.