Baƙuwar Gyaɗa

Shekara arba'in ina awon gyaɗa a Maraɗi,
tiya a hannu, alƙalami a bayan kunne.
Na san ƴar Tibiri da ƙamshi, ƴar Ɗan Isa da nauyi,
ko cikin duhu ka zuba mini, sai in faɗi gonarta.
Yau ga ni zaune a zaure a Bagalam,
kai yana sara kamar ana faskare a ciki.

Lokotoro Sahiya ta ɗaure mini dantse,
ta dubi awo, ta dube ni.
Ta ce, Baba, tansiyo ya hau,
sukari kuma ya biyo shi kamar bara da ubangidansa.
Ta raba ni da kilishi,
ta raba ni da ƙosan Cima na bakin masallaci,
shayi ma ta ce lami.
Na ce, to ɗiyata, me ya saura, iska?

Sai ga Tsahiru ya sauko daga arewa da babbar mota,
ya aje ƙunshi a gabana, ya ce sunanta pistash.

Na juya ta a tafin hannu.
Ɓawo fari kamar ƙashi, baki buɗe kaɗan,
kamar mai son ya yi magana
ya tuna surukai suna wurin.
Na sa farce. Ƙas!
Ciki kore shar, zogalen Jiratawa bayan ban ruwa.
Na tauna a hankali da haƙoran da suka rage.
Ba ta da hayaniya a baki,
daɗinta sai an saurara.

Na kai wa Sahiya guda uku a aljihu.
Ta yi dariya, ta ce, wannan kam na yarda.
Manta ba mai daskarewa a hanyar jini ba ne,
tana riƙe ciki, yunwar hantsi ba ta kai ka teburin mai fanke,
ba ta tunzura sukari kamar biredi.
Amma cikin hannu ɗaya a yini, marar gishiri,
kuma kada ka ce ta maye gurbin ƙwayar magani.
Ka taka ƙasa da safe, ko zuwa bakin Gulbi ne.

Na taka.
Na iske masu lambu da ban gani ba tun rasuwar Rabe.

Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne ɓarewa.
Kafin ka buɗe goma, haɗama ta gaji ta tafi.
Ɓawo ya taru a gabanka yana ba da shaida,
ba ka iya cewa biyu ka ci.
Jikata Zulai ta kwashe, muka haƙa gurbin dara a ƙasa,
ta cinye ni sau huɗu kafin la'asar.

Wata ya mutu, ƙunshi ya ƙare.
Na tambayi kuɗinta a wani kanti kusa da babbar kasuwa,
yaron ya faɗi jikkuna, tansiyo ya so ya dawo nan take.

Sahiya ta ce, Baba, kai fa mai awo ne.
Gyaɗarka ƴar'uwarta ce ta nesa,
ga riɗi, ga aya a bakin ƙofarka.
Dafa ta, bar gishiri, bar sukari, tsaya a cikin hannu.

Na yi shiru.
Shekara arba'in ina zuba ta a buhun mutane,
ban taɓa tambayarta me take ɗauke da shi ba.
Sai da baƙuwa ta ƙetare sahara
ta nuna mini ƴar gida.

Guda ɗaya ta rage, wadda ta ƙi buɗe baki.
Na sa farce, na sa haƙori, ta ƙi.
Zulai ta ce a kawo dutse.
Na ce a'a, bar ta.
Tana nan cikin tsohuwar tiyata a kan taga,
ni da ita, kowa da abin da bai faɗa ba.