Baƙar Waya

Kwalin ya iso Panteka ranar Laraba.
Ƙwaƙwalwar inji ce, ba ta cika tafin hannuna ba,
amma ta cinye wa Nazifi kuɗin bijimi har da canji.
Ya dire ta kan benci, ya ce, Oga Mamuda,
ka sa wa babur ɗin nan hankali.

Na kwance tanki.
Na zaro tsohon damin wayoyi kamar mahauci na jan hanji,
na shimfiɗa sabon a kan buhu:
ja ta batir, ruwan ɗorawa ta kwayil,
shuɗiya mai ratsin fari
wadda ke ƙirga haƙoran ƙarfe a cikin inji
ta raɗa wa filogi lokacin tartsatsi.
Takardar da ta zo da ita baƙin mai ya ci rabi,
sauran na karanta da tocila a baki.

Dalma na narkewa, hayaƙinta na cizon ido.
Aka ɗauke wuta, ƙarfe ya huce,
Bulus ya ja janareta sau bakwai yana zagin kakanta.
Waya talatin da huɗu.
Na ƙirga su kamar bashi.

Daren farko, maɓalli ya ce ƙirit, shi ke nan.
Dare na biyu famfon mai ya yi gurnani,
kwamfuta ta zuba mini sifili tana kallona.
Nazifi na zagaye bencin,
ko dai jabu aka sayar mini?
Ban tanka ba. Na bi su da mita, ɗaya bayan ɗaya,
kowace ta rantse ba ita ba ce.

Asuba ta uku, mai shayi bai hura wuta ba,
idona ya faɗa kan baƙar waya,
ta ƙasa, wadda ko lissafi ba a sa ta,
ɗaure a jikin firam.
Ashe fenti ne ƙarƙashin noti.
Fenti! Kaurinsa bai kai ɓawon albasa ba.
Na kankare shi da guntun reza.

Ya tashi.
Kwanon rufi ya ɗauki rawa,
sufana ta yi tafiya ta faɗo daga benci,
Bulus na dariya, ba a jin dariyar.

Ranar Asabar, can bayan Mando,
za su tare miƙaƙƙen titi su ja layi da farar ƙasa.
Mako ukuna zai ƙone cikin daƙiƙa goma sha ɗaya.
Za a ɗaga Nazifi sama, ba mai leƙa ƙarƙashin tanki,
ni ma ban nema ba.

Waya ɗaya dai ban gaya masa labarinta ba,
siririya, mai igiya da zai ɗaura a wuyan hannu,
wadda in ya rabu da sirdi za ta kashe injin nan take.
Ita na yi wa dalma sau biyu.
Na ja ta da haƙori, ba ta saki ba,
sannan na je na wanke hannu da fetur.