Gadin Babu

Bututun nan biyu ne, ɗaya cikin ɗaya,
na cikin siriri kamar tsinken tsire,
tsakaninsu kuwa babu komai, ko iska.
Wannan babun nake gadi,
a kanta ake biya na albashi.

Ran Laraba tulun ya iso daga Ikko,
kwana uku a bayan mota,
kowane rami na hawan Akwanga ya sha rabonsa.
Ruwan heliyom bai san haƙuri ba.
Ɗumi kaɗan ya ji, sai ya zama iska,
ya bar ka da rasit a hannu.

Mutanen Jos na kuka da sanyin garinsu.
Su zo su leƙa tulun nan
su ga inda sanyi ya je ya ƙare.

Oga Gyang, kafin ya yi ritaya, ya ce mini:
"Taɓa bayan bututu, Ilu.
In ka ji shi kamar ƙarfen ƙofa, lafiya lau.
In ya yi gumi, in ya yi furfura,
ɓarawo ya shiga."

Jiya na ga furfura a gwiwarsa.

Zoben roba ne, baƙi, bai kai na yatsa ba,
da tsaga wadda gashi ya fi ta kauri.
Na sake shi, na shafa giris da bakin farce,
na ɗaura famfo, na ja kujera.
Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Na ƙirga goma sha ɗaya kafin janareto ya yi tari,
allura ta koma baya, muka sake lale.

Ladidi ta kira: "Me ya hana ka dawowa?"
Na ce ina kwashe iska.
Ta yi dariyar mai barci:
"Shekara tara kana kwasar abin da ba a gani."

Da hantsi muka zura bututu a hankali,
farin hayaƙi ya yi tsaki, ya lafa.
Arba'in. Sittin da biyu. Tamanin.
Cikin maganaɗisu ya cika, injin hoto ya sami ransa.

A baranda wani tsoho daga Mangu
na riƙe da kati, 'yarsa na riƙe da shi,
za a duba abin da ke cikin kansa.
Bai san da ni ba. Ba sai ya sani ba.

Na toshe bakin bututu duka biyu,
na rataye shi inda ba zai lanƙwashe ba,
na rubuta a littafi, ƙarƙashin kwanan wata:
babu tana nan ƙalau.