Rediyon Da Ba a Zo Karɓa Ba

Shekara huɗu, duk daren Laraba,
tsakar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi majalisa ce.
In an ɗauke wuta, Nafi'u ya ja igiyar inji,
Tabawa ta tsallako da tabarmarta da gyaɗa a leda,
Baffa ya gyara zama, ya ce kowa ya kama bakinsa,
za a buɗe Rumfar Tsalha.

Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne:
tsoho mai gyaran rediyo, gilashinsa ɗaure da zare,
benci ɗaya, butar shayi, masu zuwa cin bashi,
da wani baƙin rediyo a saman kanta
da aka kawo gyara tun shirin farko.
Ya gyara. Ba a zo karɓa ba.
Kullum sai ya goge shi da hannun riga
kafin ya ce wa kowa ina kwana.
Na wane ne?
Tabawa ta ce na matarsa, Nafi'u ya ce na soja,
Baffa dai sai ya kurɓi shayi.

Sai aka ce za a mai da shi fim.
Wata shida ana ta kiɗa.
Fosta a gadar Ƙofar Nassarawa,
fosta a bayan kowace adaidaita,
har mai rake na bakin masallaci ya haddace ranar.
Asiri zai tonu, in ji su, da jan rubutu.

Ranar Asabar muka shirya, ni da Nafi'u.
Baffa ƙafa ta hana shi.
Ya zaro kuɗi daga ƙarƙashin matashi,
ya ce, ku kallo mini.
Titin gidan zu ya cushe, layi har waje,
muka sayi gugguru da kuɗin cefanen yini,
muka zauna cikin sanyin da ba namu ba.

Aka kashe fitila.
Kyamara ta tashi sama kamar shirwa,
ta zagaya Dala sau uku,
ta sauka a gida mai hawa huɗu.
Ina rumfar? An rushe ta a minti na biyar.
Tsalha ya yi sabon gilashi, shadda na ɗaukar ido,
bakinsa cike da zancen da ba nasa ba.
Kande mai ƙosai tana tuƙa jif.
Aka yi tseren mota, aka yi harbi,
aka yi rawa a bakin ruwa, har yau ban san dalili ba.
Wani a bayana ya ce,
Malam, anya ba ɗakin muka ɓata ba?
Ba wanda ya yi dariya.

Sannan rediyon.
Wani mai kwat ya zo da guduma,
ya fasa shi,
daloli suka zubo.

Shi ke nan.
Shekara huɗu na hannun riga.
Daloli.

Holoƙo, hadarin kaka,
ka sa gari ya kwashe shanya,
ko ɗigo babu.

A adaidaita ba mu yi magana ba.
Nafi'u yana ta ninke tikiti
har ya ƙi ninkuwa.
A Dangi direba ya leƙo ta madubi:
yaya fim ɗin?
Na ce, akwai sanyi a ciki.

Muka tarar da Baffa bai yi barci ba,
fitilar waya a kan ƙirjinsa,
ƙafar a kan matashi biyu.
Ko sallama bai bari mun ƙarasa ba.
To, na wane ne?

Na dubi Nafi'u. Nafi'u ya dubi takalminsa.
Na ce, Baffa, ba su faɗa ba.
Yana nan a kan kanta. Ya goge shi, aka tashi.

Baffa ya lumshe ido,
murmushi ya bi ta cikin furfura.
Ya ce, na sani.
Yaran nan suna da hankali.

Na ja masa bargo,
na fita na kashe inji.