Riga Baibai

Ƙarfe biyun dare a Utrecht.
Kekuna sun yi barci a kan gadoji,
ni kaɗai a hawa na huɗu
da ɗigon jinina a kan gilashi.

Tantanin ƙwayar jini ninki biyu ne,
maiƙo a kan maiƙo,
kawuna na neman ruwa, wutsiyoyi na gudunsa.
Amma ba a yi rabon daidai wa daida ba.
Ninkin waje ya san fuskar baƙi,
ya shafa sukari, ya tsaya ƙyam.
Na ciki ya ɓoye wani mai dogon suna,
fosfatidilsirin,
wanda aka hana leƙa ƙofa.

In ya zame ya fito,
akwai furotin mai gadi da ke cafko shi
ya mai da shi ciki.
Dare da rana. Kuma ba kyauta ba,
kowace juyawa sai jiki ya biya.
Kolestirol ne ɗan gata:
ya kwana nan, ya wuni can,
babu mai tambayarsa.

Farfesa Veldhuizen ya faɗa mini tun ranar farko,
yana ɓare lemo a kan takardun jarrabawa:
"Sietske, a nan daidaito mutuwa ne.
Mai rai kullum a karkace yake."
Na yi dariya. Shekaruna ashirin da uku.

Ran da mai gadi ya gaji,
ciki ya koma waje.
Ba kuka, ba ƙararrawa.
Masu sharar jiki su shinshino alamar,
su haɗiye ƙwayar a hankali
ba tare da maƙwabta sun farka ba.

Jiya na je Zeist wurin babana.
Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran agogo,
na same shi a lambun gidan tsofaffi
ya sa kwat ɗinsa baibai,
ɗinki a fili, aljihu na lilo kamar harshe.
Ya ce, "Yarinya, ke 'yar wa ce?"

Ban amsa ba.
Na zare hannu ɗaya, na zare ɗayan,
na juya rigar,
na ɓalla maɓallai biyar.

Gobe zai sake.
Zan hau bas ɗin ƙarfe tara.
Har yanzu ina da abin biya.